Soket Ɗaya a Bango, Na'urori Biyar a Ɗaki

A ƙarshen shekarun 1990 jami'o'in Amurka sun shiga gasar ja wa ɗakunan kwanan ɗalibai wayar intanet. Burinsu kowane gado ya sami soket nasa a bango, bisa lissafin ɗalibi ɗaya, kwamfuta ɗaya. Lissafin bai daɗe ba ya rushe. Wanda ya zo da kwamfutar tebur a shekarar farko ya ƙaro ta tafi-da-gidanka a ta biyu, na'urar wasa ta Xbox ta fito a 2001 da kafar wayar intanet a jikinta, daga baya ga firinta, ga talabijin, ga wayoyin hannu. A wasu tsofaffin gine-ginen ma soket ɗaya ne tal a ɗakin da aka cusa mutum uku. Ɗalibai suka yi abin da kowa zai yi, suka sayo ƙaramin akwati a kanti suka raba layin. Jami'o'i da yawa kuma suka rubuta a dokokinsu cewa ba a yarda a jona irin akwatin nan da ake kira rauta a ɗaki ba, kuma har yau haramcin yana nan a takardun masauki na wasunsu. A ganina jami'o'in suna da ƙorafi na gaskiya, amma sun ɗora shi inda bai dace ba. Abin da ke damunsu biyu ne: sanin wanda zai amsa tambaya idan an yi ɓarna, da kare maƙwabta daga kuskuren mutum ɗaya. Ƙirga na'urori ba ya magance ko ɗaya.

Hanyar rabon biyu ce, kuma aikinsu ya sha bamban duk da akwatunan a ido kusan iri ɗaya ne. Kowace na'ura da ke son magana a intanet tana buƙatar adireshin IP, wanda a tsarin da aka shimfiɗa a 1981 bai wuce biliyan 4.3 ba ga duniya baki ɗaya. Da ka jona kwamfuta, sai ta yi shela a layin tana neman a ba ta adireshi, kwamfutar jami'a da aka ɗora wa wannan aiki ta amsa mata. Sunan tsarin DHCP. Ban da wannan adireshi na aro, kowace na'ura tana da lambar MAC da masana'anta ta buga mata, kuma da ita jami'o'i suka riƙa yin rajista: ka shigar da sunanka da kalmar sirri, a ɗaure lambar kwamfutarka da sunanka, daga nan a riƙa ba ta adireshi. Hanyar rabo ta farko ita ce suwic, akwati mai kafofi biyar ko takwas wanda aikinsa kawai ya mayar da soket ɗaya ya zama da yawa. Ba ya ɓoye komai. Jami'a tana ganin kowace kwamfuta da lambarta, kowace kuma ta nemi adireshinta da kanta. Cikas ɗin shi ne a wurare da dama an saita soket ɗin ya karɓi lamba ɗaya ko biyu kawai, da ya ga ta uku sai ya rufe kansa. Hanyar da ta fi fitowa fili ita aka fara toshewa ke nan, kuma wannan ne ya kora ɗalibai zuwa ta biyu.

Ta biyun ita ce rauta. Tana karɓar adireshi ɗaya daga jami'a kamar ita ce kwamfutar ɗalibin, sannan ta juya ciki ta raba wa na'urorin ɗakin adireshi na cikin gida, irin masu farawa da 192.168, waɗanda aka keɓe a shekarun 1990 don kowa ya yi amfani da su ba tare da neman izini ba, da sharaɗin ba za su fita waje ba. A ce kwamfuta mai lamba 192.168.1.12 ta nemi wani shafi. Saƙonta ya iso rauta, sai rauta ta goge adireshin cikin gidan ta rubuta nata na waje, ta maƙala masa lambar ƙofa ɗaya daga cikin 65,536 da ake da su, ta kuma rubuta a ɗan kundinta cewa ƙofa kaza ta wance ce. Amsa ta dawo ɗauke da lambar ƙofar, rauta ta duba kundi, ta mayar da adireshin asali, ta miƙa wa mai shi. Kamar babban gida ne mai zaure ɗaya: baƙo ya san ƙofar gida da sunan maigida, amma ɗakin da saƙonsa zai shiga sai yaron da ke zaure ya sani. Kjeld Egevang da Paul Francis ne suka rubuta tushen dabarar a 1994 da sunan NAT, kuma su da kansu maganin wucin gadi suka ɗauke ta, kafin a samar da adireshi masu yawa. Sai ga shi ta samu wurin zama. Bugu na biyu na Windows 98 ya zo a 1999 da hanyar mayar da kwamfuta ita kanta rauta, a ƙarshen 2002 kuma Linksys ta fito da WRT54G, shuɗin akwatin nan mai eriya biyu da ya cika gidaje da ɗakunan ɗalibai.

Hujjoji biyun da aka fi saurin kawowa don kare haramcin su ne mafi rauni. Ta farko ƙarancin adireshi. Tabbas adireshin ya ƙare, domin ranar 3 ga Fabrairun 2011 hukumar IANA ta raba rukunin ƙarshe da ke hannunta. Amma rauta tattalin adireshi take yi, tunda na'ura biyar na cin guda ɗaya, kuma tsofaffin jami'o'in Amurka suna cikin waɗanda suka kwashi kaso mai tsoka tun farko. MIT kaɗai ta riƙe fiye da miliyan 16, har ta sayar wa Amazon wani ɓangare a 2017. Hujja ta biyu cin layi, kuma tsoron yana da asali. Shawn Fanning ɗalibi ne a Jami'ar Northeastern ta Boston lokacin da ya fara haɗa Napster, wadda ta fito a 1999, kuma cikin watanni musayar waƙoƙi ta shaƙe layukan jami'o'i har wasu suka toshe ta. Soket ɗin ɗaki na lokacin yana ɗaukar megabit 10 a daƙiƙa, babban layi irin T3 da ke haɗa jami'a da duniya kuwa megabit 45 ne, ɗaki biyar sun isa su cika shi. Sai dai kwamfuta ɗaya ma na iya cinye abin da soket ke ɗauka, ba sai an tara biyar ba. Rauta ba ta ƙara wa waya faɗi. Abin da ke nan shi za a raba. Wanda ya bar kwamfuta guda tana sauke finafinai dare da rana ya fi mutum huɗu masu duba imel cin layi nesa ba kusa ba. Maganin da ya yi aiki shi ne auna abin da ya bi ta kowane soket, a yanka wa kowa kasonsa, wanda ya zarce a rage masa gudu, kuma ba ruwan wannan awo da yawan na'urorin da ke ɗaki.

Ƙorafin gaskiya yana bayan akwatin. Juya rauta ka duba: kafofi biyar ne a jere, girmansu ɗaya, waya na shiga kowace da ƙas iri ɗaya. Guda ɗaya ce kawai, wadda galibi aka yi wa launi dabam ko aka ɗan ware ta gefe, aka yi don wayar bango. Sauran huɗun na cikin gida ne. Ɗalibin da ya soka wayar bango a ɗaya daga cikin huɗun zai ga fitila ta kama, ya ɗauka ya gama, alhali ya juya fuskar rautarsa ne ga ginin gaba ɗaya. Daga nan duk kwamfutar da ta yi shelar neman adireshi za ta ji amsa biyu, ta jami'a da ta rautarsa, kuma galibi wadda ta fara isowa ake karɓa. Rautar da ke ɗakin kusa kuwa sau da yawa takan riga wadda ke can wani gini. Maƙwabci ya karɓi adireshin da ba ya kai ko'ina, intanet ta ɗauke masa, kwamfutarsa kuma na nuna masa cewa an jona lafiya lau. Abin ba ya faɗa wa kowa lokaci guda, sai ɗaya bayan ɗaya yayin da ake kunna kwamfutoci, shi ya sa gano tushen ke da wuya, har sai ma'aikata sun bi sawun lambar rautar daga suwic zuwa suwic. Akwai abin da ya fi wannan muni: wani ya ga waya na reto ya soka bakinta biyu a suwic ɗaya, ko ya haɗa soket biyu na ɗaki da akwati guda. Saƙon shela ya shiga zagaye marar ƙarshe, yana ninkuwa, har layin ya toshe. Radia Perlman ta ƙirƙiro maganin wannan tun 1985, amma ƙananan akwatunan kanti masu arha yawanci ba su da shi. Mai ganin wannan ƙaramin abu ne ya tuna asibitin Beth Israel Deaconess na Boston, inda irin wannan zagaye ya durƙusar da layi a Nuwamban 2002, likitoci suka koma takarda da biro na kusan kwana huɗu.

Ba mai musun wannan ɓarna. Abin tambaya shi ne wa ya fi dacewa ya toshe ta. Manyan suwic irin na ma'aikatu sun daɗe da samun saitin da ke watsar da duk amsar DHCP da ta fito daga soket ɗin ɗaki, da wanda ke rufe soket da zarar ya ga alamar zagaye ko ambaliyar shela. In an kunna su, kuskuren ɗalibi a ɗakinsa zai tsaya: shi kaɗai zai rasa intanet, ya kira ofis, a nuna masa kafar da ta dace. Layin da dubban mutane ke kai, yawancinsu 'yan shekara sha takwas da ba su taɓa jin sunan DHCP ba, bai kamata lafiyarsa ta rataya a kan fatan ba wanda zai yi kuskuren kafa ba, ko da kuwa an liƙa doka a kowace ƙofa.

Inda hujjar jami'a ta fi ƙarfi shi ne iska, kuma a nan dole a sallama mata da yawa. Wi-Fi na zangon gigahaz 2.4 yana da tasha 11 a Amurka, amma uku ne kawai ba sa hawan juna, ta 1 da ta 6 da ta 11, kuma ƙa'idar aikinsa ita ce kowace na'ura ta saurara, in ta ji wata na magana a tasharta ta dakata. A gini mai ɗaki ɗari da siraran bango, idan ɗakuna talatin suka kunna rauta kowace da cikakken ƙarfinta, tashoshi ukun nan za su cika da masu jiran juna, ga Bluetooth da na'urar ɗumama abinci su ma a zangon suke. Injiniyoyin jami'a sun auna ginin, sun zaɓa wa kowace na'urarsu tasha da ƙarfin da ya dace, sai baƙuwar rauta ta zo ta dagula tsarin, kuma babu saitin suwic da zai hana, tunda ba ta waya ɓarnar ke bi ba. Abin ma kansa yake ciyarwa: sigina ta yi rauni, ɗalibi ya sayo rauta, ya ƙara raunana ta maƙwabcinsa, shi ma ya nufi kanti. To amma hujjar a eriya ta tsaya, ba ta taɓa waya ba. Suwic ba ya watsa komai a iska, rauta kuma ana iya kashe mata Wi-Fi ta ci gaba da aiki da waya. Dokar da ta hana watsa sigina a ginin da jami'a ta wadata da Wi-Fi tana da ma'ana, muddin wadatarwar ta kai har ɗakin ƙuryar bene na sama. Wadda ta haɗa har da suwic kuwa kan mai uwa da wabi ta yi. Ko mai gini ma ba shi da ikon murƙushe siginar wani da ƙarfin na'ura: a 2014 hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta sa kamfanin Marriott biyan dala 600,000 saboda an riƙa katse Wi-Fi na baƙi a wani otal da yake gudanarwa a Nashville. Jami'a na iya sa sharaɗi a yarjejeniyar masauki, amma iskar ba mallakarta ba ce.

Zuciyar maganar ita ce alhaki, kuma shekarar 2003 ce ta dasa tsoronsa. A watan Afrilu ƙungiyar kamfanonin waƙa ta RIAA ta kai ɗalibai huɗu kotu, daga Princeton da Rensselaer da Michigan Tech, kan musayar waƙoƙi a layin jami'a, bayan tun a 2000 mawaƙan Metallica sun sa sunan Yale da Indiana da Jami'ar Kudancin Kalifoniya a ƙarar da suka shigar kan Napster. A watan Agusta kuma cutar kwamfuta ta Blaster ta ɓarke daidai lokacin dawowa daga hutu, ɗalibai suka shigo da kwamfutocin da ba a yi wa gyaran da Microsoft ta fitar a Yuli ba, jona waya kaɗai ya isa a kamu. A duka biyun abin da ke isa teburin ma'aikaci shi ne adireshi da lokaci, sai ya nemo mutumin ko na'urar da ke bayansu. A 2008 ma dokar ilimi mai zurfi ta Amurka ta wajabta wa jami'o'i samun tsarin yaƙi da satar fasaha a layukansu. Rauta tana katse wannan sawu, gaskiya ne, domin na'ura biyar sun zama fuska ɗaya. Amma a ina sawun ya katse? A soket ɗin wani ɗaki mai lamba, mai mazauna da aka san sunayensu. Kamfanonin da ke kai intanet gidaje da haka suke rayuwa, kusan kowane gida bayan rauta yake, kuma wanda sunansa ke kan layin shi suke tuntuɓa. Ba abin da ya hana jami'a yin rajistar rauta da sunan mai ita, bisa sharaɗin duk abin da ya fito daga bayanta shi zai amsa, kuma in cuta ta ɓulla a rufe soket ɗin baki ɗaya. Wani abin dariya a nan, Blaster ta waje take ƙwanƙwasa ƙofa, rauta kuwa ba ta buɗe wa saƙon da ba a nema daga ciki ba, don haka kwamfutocin da ke bayan akwatin da aka haramta sun fi samun kariya daga irin wannan hari.

Ga kuma cewa haramcin ba ya aiwatuwa. Rautocin kanti sun daɗe suna zuwa da saitin aron lambar MAC, inda rauta ke sa lambar kwamfutar da aka yi wa rajista ta fito da ita. An yi saitin ne saboda kamfanonin intanet na gidaje su ma sun taɓa ɗaure layi da kwamfuta ɗaya, kuma ƙarshe sun haƙura. Akwai dabarun kamawa. Kowane ƙunshin saƙo yana ɗauke da wata lamba da duk rautar da ya ratsa ke rage wa ɗaya. Windows na farawa da 128, Linux da Mac da 64, saboda haka ƙunshin da ya fito daga ɗaki da 127 ko 63 ya tona asirin akwatin da ke tsakani. A 2002 Steven Bellovin ya nuna yadda za a iya ƙirga kwamfutocin da ke bayan rauta daga waje. Amma kowace dabara tana da makarinta, kuma ɗalibin da ya iya ɓoyewa shi ne wanda tun farko ba zai yi kuskuren kafa ba. Wanda bai sani ba shi ake kamawa. Rajista da lambar MAC ita kanta ta tsufa, tunda daga Android 10 a 2019 da iOS 14 a 2020 wayoyi lambar bogi suke nuna wa kowane Wi-Fi don kare sirrin mai su. Sakamakon haramci shi ne rauta a ƙarƙashin gado, wadda ba a sabunta manhajarta, mai kalmar sirrin da ta zo da ita daga masana'anta, wadda mai ita ba zai taɓa neman taimako a kanta ba don kada a kama shi. Cutar Mirai ta 2016 da irin waɗannan kalmomin sirri na masana'anta ta mamaye dubban ɗaruruwan na'urori.

Duk wannan bai wanke ɗalibi ba. Mai ƙorafi zai ce ɗora alhaki a kan wanda ya yi rajista zalunci ne idan abokin ɗakinsa ne ya yi laifin, kuma maganarsa tana da nauyi. Amsar ita ce rabo mataki-mataki ne. Mutum ya jona na'urorinsa biyar a soket ɗinsa bai tauye kowa ba. Ya jona abokin ɗaki da shi ma ya biya kuɗin masauki, haƙƙinsa ne ya samu, sai dai ya fi kyau kowa ya fito da sunansa ta suwic. Amma ya bar Wi-Fi a buɗe ga duk mai wucewa, ko ya ja waya ta taga yana sayar wa wanda ba ɗalibi ba, nan ya ba da abin da ba nasa ba, kuma ya ara wa baƙo sunansa. Raba layi amana ce ta kowane ɓangare. Waɗanda ke bayan rauta ɗaya kwamfutocinsu na ganin juna, babban fayil da aka manta a buɗe kowa na iya leƙawa, cutar da ta kama ɗaya ba shinge tsakaninta da sauran, mai riƙe da rautar kuma yana iya sanin shafukan da ake ziyarta. A Oktoban 2010 wata ƙaramar manhaja mai suna Firesheep ta nuna cewa kowa na iya shiga asusun Facebook na wanda suke kan buɗaɗɗen Wi-Fi ɗaya, kuma hakan na cikin abin da ya hanzarta komawar manyan shafuka ga kulle saƙo. Yau abin da ke cikin saƙon a kulle yake a yawancin shafuka, amma inda aka nufa bai ɓoyu sosai ba.

Mafitar da ta fi dacewa ta riga ta wanzu, kuma daga jami'o'i ta fito: a tambayi mutum ko shi wane ne, a daina tambayar na'ura. Wannan ne tushen eduroam, wadda Klaas Wierenga na cibiyar SURFnet ta Holand ya kawo shawararta a 2002, yanzu kuma tana aiki a ƙasashe da yankuna fiye da 100. Ɗalibi na shiga da sunansa da kalmar sirrinsa a kowace na'ura, kowace na da nata makulli, sawu kuma kai tsaye yake kaiwa ga mai shi, ko na'urarsa ɗaya ce ko bakwai. Na'urorin da ba su iya irin wannan shiga ba, kamar na wasa da talabijin da firinta, ana buɗe musu rajista da sunan mai su, wasu wuraren har a haɗa na'urorin mutum ɗaya a keɓantaccen layi, su ga juna, maƙwabci bai gan su ba. Idan aka yi haka, aka kuma ƙyale suwic ga mai son waya, dalilin sayen rauta ya kau da kansa. Za a ce tsada, kuma da tsadar. Amma kiran ma'aikata tsakar dare su bi sawun rautar da aka juya shi ma ba kyauta ba ne. Ƙorafin da ya fi wannan ƙarfi shi ne na sirri: tsarin da ya ɗaure kowace na'ura da suna ya ba jami'a damar sanin inda ɗalibi yake da lokacin da ya kwanta, abin da rautar ɗaki ke ɗan rufewa. Wannan haɗari ne na gaske, kuma ba na'ura ke maganinsa ba. Sai an rubuta a fili abin da ake adanawa, tsawon lokacin da zai zauna kafin a goge, da wanda ke da izinin dubawa. Jami'ar da ta nemi sunan ɗalibi a kan kowane saƙo dole ita ma ta yarda a tambaye ta abin da take yi da sunan.

Mafi yawan ɗaliban Kano da Zariya da Yamai ba su bi ta zamanin soket ɗin bango ba, ta wayar hannu intanet ta iske su. Amma duk wanda ya kunna hotsfot don abokan ɗaki, ko aka yi karo-karo aka sayi ƙaramar rauta mai layin waya, dabarar NAT ɗin nan yake amfani da ita, sau da yawa ma ninki biyu, domin kamfanonin waya su ma suna tara dubban masu layi a bayan adireshi kaɗan. Tambayar alhakin kuwa ta fi kaifi a Najeriya, inda tun Disamban 2020 aka umarci a haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN. Duk abin da aka aikata ta hotsfot, sawun farko ga mai layin zai kai, shi ya sa kalmar sirrin da ta zagaya bene guda ta wuce maganar ƙarewar data.

Sabon tsarin adireshi na IPv6, wanda manyan kamfanoni suka kunna dindindin ranar 6 ga Yunin 2012, ya kawar da ƙarancin da ya haifi NAT. Rukunin da ake ba layi ɗaya a wannan tsari yana ɗauke da adireshin da sai an rubuta lamba mai gurbi 20 kafin a ƙirga su, har jami'a na iya ba kowane ɗaki nasa rukunin. Wannan zai yi wa masu wasan bidiyo daɗi, su da suka fi kowa shan wahalar rauta a bayan rauta, inda abokin wasa daga waje ke kasa iso su. Amma na'urori a IPv6 da kansu suke ƙirƙirar adireshi na wucin gadi suna sauyawa a kai a kai, wayar mutum ɗaya ma takan riƙe da yawa lokaci guda. Ma'aikacin da takardar ƙorafi ta iso wa da adireshi da lokaci ba zai gane komai daga ƙirga ba; kundin shiga zai buɗe ya ga sunan wanda ya shigar da kalmar sirri a wannan sa'a, ko lambar ɗakin da aka ba rukunin.